Bature ba ɗaya ba ne, ko a kofin shayi da kwalbar lemo

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani abu da wasu za su ga kamar bai kai a ɓata takarda a kansa ba, amma ni dai ya daɗe yana ci min rai. Mu a nan duk abin da ya zo daga waje sai mu ce na Turawa ne shikenan, shayin safe na Turawa, lemon kwalba na Turawa, kamar mutumin Landan da mutumin Texas abu ɗaya suke ci abu ɗaya suke sha. To wallahi ba haka ba ne. Na yi karatu a arewacin Ingila, kuma ina da ɗan'uwa da ke zaune a kudancin ƙasar Amurka wanda na taɓa kai wa ziyara, abin da na gani shi ne mutanen nan yare kawai suka haɗa, amma a wajen abin sha kowa da hanyarsa, kuma kowace hanya akwai dalilin da ya kafa ta, ba wai haka Allah Ya halicci harshensu ba.

A Ingila duk gidan da ka shiga, kafin ka gama zama an kunna butar lantarki. Ba a ma tambayarka ko kana jin ƙishi, tambayar ita ce madara fa, suga cokali nawa. Mai gyaran famfo ya zo aiki a haɗa masa shayi, an yi rasuwa a haɗa shayi, yarinya ta faɗi jarrabawa tana kuka uwarta ta ce zauna in ɗora ruwa. A ofis kuwa in ka tashi za ka haɗa naka ba ka tambayi na kusa da kai ba to ka yi abin kunya, za a yi shiru amma an gani. Shayin nasu baƙi ne mai ƙarfi, da zafinsa, a ɗiga madarar shanu ta ruwa kaɗan ba ta gwangwani ba, suga cokali ɗaya ko biyu, da yawa ma yanzu ba sa sawa sam, sai ɗan biskit da ake tsomawa. Ƙungiyar masu harkar shayi ta ƙasar ta ce ana shan kofin shayi kusan miliyan 100 kullum a Birtaniya. Har masu kula da wutar lantarkin ƙasar sai da suka koyi bin jadawalin talabijin, saboda da an tafi hutun rabin lokaci a babban wasa miliyoyin mutane ke miƙewa lokaci ɗaya su kunna buta, su buɗe firji, su shiga bayi. Ranar da Jamus ta Yamma ta fitar da Ingila a bugun fenareti a wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya a 1990, buƙatar wuta ta yi tsalle da megawat 2,800 cikin 'yan mintuna, wato fiye da rabin abin da dukan Najeriya ke rabawa a rana ta yau da kullum.

Amma fa ganyen nan ba a ƙasarsu aka same shi ba, daga Sin ya zo. Lokacin da Sarki Charles na biyu ya auri gimbiyar Fotugal, Catherine ta Braganza, a 1662, ita ce ta sa shan shayi ya zama abin yayi a fada, kuma ya daɗe yana abin masu kuɗi, har akwati mai makulli ake yi masa don kada barori su ɗiba. Gwamnati ta yi ta lafta masa haraji har ya kai kashi 119 cikin 100, sai 'yan fasa-ƙwauri suka karɓe kasuwar, wasu kuma suna gauraya shi da busasshen ganyen wasu itatuwa suna sayar wa talaka. A 1784 gwamnatin firaminista William Pitt ta sauke harajin zuwa kashi 12 da rabi, fasa-ƙwaurin ya mutu kusan nan take, shayi ya shiga ɗakin lebura da mai aikin masaƙa. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, alƙalamin mai karɓar haraji ne ya mayar da shayi abin shan kowa a Ingila.

Akwai kuma ɓangaren tarihin da ba daɗin ji, wanda bai kamata mu 'yan Afirka mu tsallake ba. Sugan da ake zubawa a kofin nan daga gonakin rake na Jamaika da Barbados yake zuwa, kuma bayin da aka kwasa daga gaɓar Afirka ta Yamma su ne ke nomansa suna mutuwa a kansa. Kuɗin sayen ganyen daga Sin kuma, da azurfa ta fara ƙare musu, sai suka koma shigar da ƙwayar opiyom da ake nomawa a Indiya suna sayar wa Sinawa, abin da ya jawo yaƙin 1839 zuwa 1842 wanda a ƙarshensa suka karɓe Hong Kong. Daga baya kamfanin East India na Birtaniya ya tura wani masanin tsirrai ɗan Sikotland, Robert Fortune, a 1848 ya shiga Sin a ɓoye ya fito da irin shayi da ma mutanen da suka iya sarrafa shi zuwa Indiya. Noman shayi ya kafu a Assam ta Indiya, da Siri Lanka, sai Kenya, wadda yau kaso mai tsoka na shayin da ɗan Ingila ke sha daga can yake fitowa ta kasuwar gwanjo ta Mombasa. A yaƙin duniya na biyu gwamnati da kanta ta karɓi ragamar shayi tana raba shi da kati, ɗan awo kaɗan ga kowane mutum a mako, daga 1940 har 1952, don sun san in shayi ya yanke hankalin jama'a zai tashi.

To Amurka fa? Su ma da farko mashaya shayi ne tunda 'yan mulkin mallakar Ingila ne. Rigimar haraji ce ta raba su. A daren 16 ga Disamba 1773 mutanen Boston suka hau jiragen ruwa uku suka zubar da akwatunan shayi 342 a teku, suna cewa majalisar da ba su da wakili a cikinta ba ta da ikon ɗora musu haraji, daga nan shan shayi ya zama kamar alamar goyon bayan sarkin Ingila, masu kishin ƙasa suka koma gahawa. Ba wannan kaɗai ba ne dalili, gahawar Brazil da tsibiran Karibiyan ta fi kusa da su kuma ta fi araha, amma dai daga lokacin hanya ta rabu. Yau Ba'amurke in ya tashi da safe gahawa yake nema, a babban kofin takarda mai murfi, ya riƙe a mota yana tuƙi yana kurɓa.

Ba wai ba sa shan shayi ba, suna sha sosai, sai dai mai sanyi. Wajen kashi uku cikin huɗu ko fiye na shayin da ake sha a Amurka da ƙanƙara ake shansa. A jihohin kudu irin su Jojiya da Alabama da Karolina, inda zafi da gumi suke kamar na Lokoja, ana dafa shi a babbar tukunya a zuba suga tun yana da zafi don ya narke sosai, a sa a firji, a kawo maka a dogon gilashi cike da ƙanƙara da yankan lemon tsami, da shi ake cin abincin rana da na dare. In ka ce a ba ka shayi a gidan abinci a can wannan za a kawo maka, sai ka ce mai zafi kake so, sannan a kawo maka ruwan ɗumi a kofi da ɗan ƙunshin ganyen a gefe kan faranti, abin da ke ɓata wa ɗan Ingila rai matuƙa domin shi a wajensa dole ruwan ya kasance yana tafasa lokacin da ya sauka a kan ganyen.

Wannan son ƙanƙarar ma yana da asali. Tun 1806 wani ɗan kasuwar Boston mai suna Frederic Tudor ya fara yanko ƙanƙara daga tafkunan da suka daskare da hunturu yana lodawa a jirgin ruwa yana kaiwa ƙasashe masu zafi, a 1833 har Kalkata ta Indiya ya kai. Kafin a ƙirƙiro firji mutanen Amurka sun riga sun saba da mai kawo ƙanƙara gida-gida. Ingila kuwa ƙasa ce mai sanyi da yayyafi kusan duk shekara, me za su yi da ita? Shi ya sa har yau a Landan in ka sayi lemo za a jefa maka ƙwaya biyu ko uku, a Amurka kuwa sai an cika kofin da ƙanƙara har baki sannan a tsiyaya lemon a kai.

Har wutar gida ta shiga maganar. Ingila na amfani da bolt 230, irin tamu, da filogi mai ƙafa uku da muka gada daga wajensu, butarsu na jan wat 3,000 ta tafasa ruwa kafin ka ɗauko kofi. Amurka bolt 120 ne, buta ba ta wuce wat 1,500 ba, tana ɗaukar kusan ninki biyu na lokacin, shi ya sa gidaje da yawa ba su ma da ita, wanda ke son ruwan zafi sai ya ɗora a kan murhu ko ya sa kofin a na'urar ɗumama abinci. A watan Janairun 2024 wata farfesar kimiyyar sinadarai a Amurka, Michelle Francl, ta ce ɗan gishiri kaɗan na rage ɗacin shayi, jaridun Birtaniya suka yi ca a kanta, har ofishin jakadancin Amurka a Landan ya fitar da sanarwa ta barkwanci cewa sa gishiri ba manufar gwamnatinsu ba ce, kuma za su ci gaba da haɗa shayi a na'urar ɗumama abinci. Wasa ne, amma ya nuna maka yadda abin yake a zuciyar mutanen Ingila.

Yanzu in zo kan lemo, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Abin mamaki a Ingila aka fara gano yadda ake sa iskar gas a ruwa, Joseph Priestley a garin Leeds a 1767, amma Amurka ce ta mayar da shi abin da muka sani yau. Dr Pepper a Texas a 1885, Coca-Cola a Atlanta a 1886, Pepsi a Karolina ta Arewa cikin shekarun 1890, dukansu a hannun masu haɗa magani suka fito kuma da sunan ƙarin lafiya aka fara tallarsu. Da aka haramta giya a duk faɗin ƙasar daga 1920 zuwa 1933, teburin sayar da lemo a kantin magani ya zama wajen haɗuwar jama'a. Daga nan sai girma. Kwalbar Coca-Cola ta farko ba ta kai rabin ta roba da yaranmu ke riƙewa yau ba, amma a 1976 kantunan 7-Eleven suka fito da kofi mai cin kusan lita guda na mutum ɗaya, kuma a yawancin gidajen abincin gaggawa kofi kawai kake biya, injin yana gefe, ka sha ka ƙara ka sake ƙarawa ba mai ce maka komai. Ko gwangwaninsu ya fi girma, mililita 355 ne, na Ingila 330.

Me ya sa suke iya bayar da shi kamar kyauta? Masara. Gwamnatin Amurka na tallafa wa manoman masara, tana kuma ƙayyade shigo da suga daga waje don kare masu noman rake da sauran amfanin gonan da ake yin suga da su na cikin gida, sai suga ya yi tsada, ruwan zaƙin da ake tatsa daga masara ya yi arha, zuwa 1984 manyan kamfanonin lemo biyu, Coca-Cola da Pepsi, sun koma amfani da shi. A Birtaniya har yanzu suga ne. Shi ya sa za ka ga Ba'amurke yana biyan ƙarin kuɗi don ya sayi Coca-Cola ta kwalba da aka shigo da ita daga Mekziko, yana cewa ta fi daɗi saboda da sugan rake aka yi ta.

Su kuma mutanen Ingila suna da wata al'ada da babu irinta sosai a Amurka, lemo mai kauri a kwalba wanda ake zuba kaɗan a kofi a cika da ruwan famfo. Da shi yaransu ke tashi, kuma uwa ce ke riƙe da kwalbar, ita ke yanke yawan zaƙin. Ribena da muka sani a nan asalinta haka take, ta fito a 1938, kuma lokacin yaƙi da lemon zaƙi ya daina shigowa gwamnati ta riƙa raba wa yara ruwan ɗan itacen blackcurrant da ake yin ta da shi kyauta saboda sinadarin bitamin C. A Amurka kuwa yawancin mutane ba su ma san ɗanɗanonsa ba, don an hana noman itacen a 1911 saboda yana ɗauke da wata cuta da ke kashe bishiyoyin katako, sai a 1966 gwamnatin tarayya ta janye hannunta ta bar wa jihohi. Vimto da alhazanmu da masu zuwa Umara ke gani a kowane teburin buɗa-baki a Saudiyya, wanda da yawa ke zaton na Larabawa ne, a Manchester aka ƙirƙiro shi a 1908. Lucozade da muke kai wa marar lafiya a asibiti daga Newcastle ya fito a 1927, kuma can ma dubiya ake zuwa da shi shekaru da yawa kafin a mayar da shi abin 'yan wasanni. Sikotland na da nata, Irn-Bru, mai launin ruwan lemo, wanda ke gogayya da Coca-Cola kafaɗa da kafaɗa a ƙasar.

Da ƙiba da ciwon suga da ruɓewar haƙoran yara suka yi yawa, kowace ƙasa ta bi halinta. Birtaniya ta sanar da haraji a 2016 ya fara aiki a Afrilun 2018, kuma dabarar da ke ciki ita ce hawa-hawa ne, a lokacin da ya fara aiki in sugan da ke cikin mililita 100 bai kai giram 5 ba babu haraji, daga 5 zuwa 8 kwabo 18 na kuɗinsu a kan lita, daga 8 zuwa sama kwabo 24. Aka ba kamfanoni shekara biyu su shirya. Mafi yawansu suka zauna suka rage sugan da kansu don su kauce wa biya, Irn-Bru ta rage fiye da rabi har masoyanta suka yi ta sayen tsohon suna ɓoyewa suna rubuta koke, Ribena da Lucozade ma suka rage, Coca-Cola ta asali ta ce ba za ta taɓa haɗinta ba ta zaɓi ta biya. Rahoton gwamnati ya nuna sugan da ke cikin irin waɗannan lemuka ya sauka da kusan rabi tsakanin 2015 da 2020. Daga Oktoban 2025 kuma an hana manyan gidajen abinci a Ingila yin wannan tsarin na sha ka ƙara kyauta in dai lemon mai suga ne.

A Amurka magajin garin New York, Michael Bloomberg, ya gwada a 2012 ya ce kada a sayar da kofin da ya wuce kusan rabin lita a gidajen abinci da silima da filin wasa, kamfanoni suka kai ƙara, mutane suka ce gwamnati ba uwarsu ba ce da za ta auna musu abin da za su sha, babbar kotun jihar ta soke dokar a 2014. Babu harajin lemo na ƙasa baki ɗaya, sai ɗaiɗaikun birane irin su Berkeley da Philadelphia. In za a yi adalci, shan lemon Amurkawa ya ragu daga ƙololuwar da ya kai a ƙarshen shekarun 1990, a 2016 ma ruwan roba ya wuce shi a kasuwa, kuma su ma mutanen Ingila ba waliyyai ba ne, suna cikin masu ƙiba a Turai, biskit da kek ɗin da ke raka shayin nan ba ƙaramin suga ba ne, matasansu kuma sun fara barin shayi suna bin shagunan gahawa irin na Amurka.

Edita, abin da ke damuna shi ne mu mun ɗauko daga kowane ɓangare kuma wajen zaƙin muka ɗauka. Shayi da madara mun gaje shi daga Ingila, har Lipton da ya zama sunan ganyen a bakinmu sunan wani ɗan kasuwar Glasgow ne, Thomas Lipton, duk da cewa a Ingilar kanta da wuya ka ga mai shan wannan mai launin rawaya, su PG Tips da Yorkshire Tea da Tetley suka sani. Amma je teburin mai shayi ka ce a haɗa maka mai kauri ka tsaya ka ƙirga, madarar gwangwani, Milo ko Bournvita, suga cokali huɗu ko biyar, ga burodi. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke dafa koren ganyen Sin a ƙaramar buta kan gawayi, wanda ta Sahara ya zo musu ba ta hannun Ingila ba, su ma sugan ba kaɗan ba ne, sai dai kofin ƙarami ne. Sannan da rana mu koma Amurkawa, ba a cin shinkafa sai da lemo, ba a biki ko suna ko walima sai an jibge kiret-kiret, baƙo ya zo a aiki yaro shago ya sayo mai sanyi, an ture kunun zaƙi da fura gefe. Gwangwani ɗaya na lemo mai cikakken suga yana ɗauke da wajen giram 35, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma na cewa babba kada ya wuce kamar giram 50 a yini, in da hali ma 25. Kowa a cikinmu ya san gidan da ake fama da ciwon suga, ya san kuɗin allurar insulin, ya san wanda aka yanke wa ƙafa.

Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai suga a dokar kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022. Ni ina goyon bayansa, amma yadda aka tsara shi bai ɗauko darasin Ingila ba, domin kuɗin ɗaya ne ko sugan ya yi yawa ko ya yi kaɗan, to wane kamfani ne zai wahalar da kansa ya rage? Ga shi kuma faɗuwar darajar naira ta cinye goman, a kwalbar rabin lita naira 5 ce, ba mai saye da zai ji ta. Ina kira ga 'yan majalisarmu, musamman na kwamitocin lafiya, su mayar da shi hawa-hawa bisa yawan sugan, a ba kamfanoni wa'adi su gyara haɗinsu, a tilasta rubuta yawan sugan a gaban kwalba da manyan baƙaƙe da cokali-cokali yadda wanda bai yi boko ba zai gane, kuma abin da aka tara a ware shi ga gwajin suga kyauta a asibitocin sha-ka-tafi. Ku kuma a jarida ina roƙon ku tura wakilinku ya tambayi hukumar kwastan da ma'aikatar kuɗi nawa aka tara daga 2022 zuwa yau da kuma inda kuɗin ya shiga, ku buga mana amsar a wannan shafi.

Na gode da ba ni wannan dama, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karatunku a kullum, daga Zariya